Wa Ya Ce Harshe Ɗaya Ake Yi A Ƙauran Namoda?

Akwai wata magana da takan fito daga bakin 'yan'uwana ɗalibai duk sa'ad da aka zo kan darasin walwalar harshe, watau cewa mu mutanen Zamfara Allah ya hutasshe mu, domin ba mu da tarin harsuna irin na Filato ko Adamawa ko kudancin Kaduna. Wai daga Gusau har bakin iyaka Hausa ce tsantsa, babu gauraye. Ni ma da haka na ɗauka, har na taɓa bugun ƙirji da wannan magana a gaban wani abokina mutumin Filato. Abin da ya sa na sake tunani kuwa, in an faɗe shi sai a yi dariya, domin wata ƙasa ce mai nisan gaske, wadda galibin mutanen garinmu ba su taɓa jin ko sunanta ba, ana ce da ita Gayana. An ba mu aikin karanta labarin harsunanta, na shiga karatun ina ƙunƙuni, na fito ina tunanin kakata da kasuwar Shinkafi. Saboda haka ina roƙon malamaina da 'yan'uwana su yi mini haƙuri mu leƙa can tukuna, sa'an nan mu komo gida, don maganar gida ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Gayana tana gaɓar arewa ta nahiyar Amurka ta Kudu, tsakanin Benezuwela da Barazil da Surinam. Ƙidayar 2012 ta sami mutanenta wajen dubu 747 ne, watau ba su kai rubu'in mutanen da aka ƙidaya a Jihar Zamfara a 2006 ba. Ta sami mulkin kai daga Ingila ranar 26 ga Mayu, 1966, kuma Ingilishi ne harshen hukuma. Wanda ya tsaya ga abin da ke cikin littafin makaranta sai ya ce ƙasa ce ta masu Ingilishi, ya rufe littafi. Alhali kuwa tun kafin Bature ya sa ƙafarsa a wurin akwai 'yan ƙasa na asali, waɗanda a yau ake lasafta su ƙabila tara, kowace da harshenta: Lokono da Karib da Warau da Akawayo da Arekuna da Patamona da Makushi da Wapishana da Waiwai. Na can cikin ƙasa, kamar Wapishana da Makushi, har yanzu da sauran ƙarfinsu. Na kusa da gaɓar teku kuwa, kamar Lokono, sai a bakin tsofaffi.

Mutanen Holan ne suka fara kafa gonakin rake a ƙasar, suka yi ta kwaso bayi daga Afirka ta Yamma. Ƙasar ta koma hannun Ingila a 1814. Da aka 'yanta bayi gaba ɗaya a 1838, sai masu gonaki suka juya ga Indiya neman 'yan ƙodago, aka yi ta jigilarsu daga wannan shekara har 1917, mutum wajen dubu 239. Galibinsu da harshen Bojfuri suka zo. Jikokinsu su ne rukuni mafi yawa a ƙasar yau, amma harshen ya tafi, sai ɓurɓushinsa a cikin waƙoƙin biki da addu'o'i da sunayen abinci da sunayen dangi. Yaro zai kira kakanninsa na wajen uba aja da aji, na wajen uwa nana da nani, amma ba zai iya ƙulla jimla guda da harshen waɗannan kakanni ba. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta sunayen dangi, za mu sake gamuwa da ita a gida.

Abin da jama'a ke magana da shi a kasuwa da cikin gida shi ne Kiriyol, harshen da ya tashi daga cuɗanyar bayi da iyayen gijinsu. Yawancin kalmominsa na Ingilishi ne, amma gininsa daban. Masana irin su Derek Bickerton a 1975 da John Rickford, ɗan ƙasar, a 1987, sun nuna cewa tsakanin Kiriyol na ƙauye da Ingilishin ofis babu katanga, sai dai hawa-hawa kamar matakalar bene, mutum guda yakan hau ya sauka gwargwadon wanda yake magana da shi. Duk da haka an daɗe ana ce wa yaran makaranta abin da suka zo da shi daga gida karyayyen Ingilishi ne, abin kunya.

To, ga inda labarin ya taɓa ni. A bakin kogin Barbis an yi wani Kiriyol dabam, wanda ya tashi tun zamanin mutanen Holan. An ɗauka ya mutu, sai cikin shekarun 1970 wani masani mai suna Ian Robertson ya bi kogin ya tarar da 'yan tsofaffi suna yin sa. A 1987 shi da Norval Smith da Kay Williamson, wadda ta yi rayuwarta tana koyarwa a jami'o'in Ibadan da Fatakwal, suka tabbatar cewa kaso mai yawa na kalmomin wannan harshe daga harshen Ijo na gabas suke, watau na yankin Kalabari da Okirika a Jihar Ribas ta ƙasarmu. Gida wari ne, ruwa mingi, ido toro, kusan kamar yadda suke a bakin masunta na Neja Delta. Silvia Kouwenberg ta wallafa nahawunsa a 1994. Tsohuwar da aka sani ta ƙarshe mai jin harshen ta rasu a 2005. Wa ya cinye shi? Ba a yi wata doka da ta hana shi ba. 'Ya'yan masu shi ne suka koma ga Kiriyol na maƙwabta, shi wannan Kiriyol ɗin da Ingilishi ke rainawa. Ashe harshen da ake dannewa daga sama, shi ma yana iya danne na ƙasa da shi, ba tare da ya sani ba.

Wannan shi ne matsayin Hausa a arewacin Zamfara, kuma shi ne abin da nake ganin mu 'yan Sashen Hausa ba mu son ji. Kullum kukanmu Ingilishi ya tauye Hausa a makaranta da kotu da ofis, kuma kukan gaskiya ne. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Bari mu duba ƙasar da nake magana a kanta. Tun asali mahaɗa ce. A ƙasar Zurmi Dutsi yake, inda tarihi ya ce nan sarautar Zamfara ta fara. A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa suka ci Birnin Zamfara suka kafa Alƙalawa, abin da ya sa har gobe Hausar Shinkafi da ta Isa da ta Sabon Birni suke jifar juna da kama. Fulani Alibawa ne suka riƙe Zurmi a zamanin jihadi, daga cikinsu kuma Namoda ya fito, jarumin da garin Ƙaura ke amsa sunansa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kansa ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, yana karantarwa da Larabci, yana yi wa jama'a bayani da Hausa da Fillanci. Waƙoƙinsa na ajami mafi yawa da Fillanci ya yi su, 'yarsa Nana Asma'u da ɗansa Isa suka mai da wasu Hausa. Ita Nana da harshe uku take rubutu. Ke nan mutanen da muke tinƙaho da su a darasin rubutacciyar waƙa ba masu harshe ɗaya ba ne, mu ne muka zo daga baya muka ɗauki kason Hausa muka bar saura.

Sai kuma jirgin ƙasa. A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda, nan ne ƙarshensa. Gyaɗa da auduga da fatu suka riƙa taruwa a tasha, tare da su kuma ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanoni da 'yan tireda, Yarabawa da Ibo da Nufawa da sauransu. Ibo da yawa sun tashi a rikicin 1966, wasu suka komo bayan an gama yaƙin basasa a 1970. Jirgin ya daɗe da daina zuwa yadda ya saba, amma mutanen da ya kawo ba duka suka koma ba. Akwai gidajen da a tsakar gida Yarabanci ake yi, a ƙofar gida kuwa Hausar da ba ka iya bambanta ta da ta ɗan gari. Da aka buɗe Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a garin a 1983, sai ga ɗalibai daga kowace kusurwa ta Nijeriya, da Ingilishinsu da burokansu da harsunan garuruwansu.

Wanda ya san kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis sa'ad da take kan ganiyarta ya san abin da nake nufi. A kara, wajen shanu, ciniki yakan fara da Hausa, amma in masu dabba za su yi shawara tsakaninsu sai su juya zuwa Fillanci, dillalin da ke jin harshen kuwa ya fi sauran cin kasuwa. Wajen raƙuma ga Buzaye da rawunansu suna Buzanci. Da yawansu farin 1973 da na 1984 ne ya koro iyayensu daga arewa. Ga Zabarmawa 'yan koli, ga Barebari. Ga direbobin kudu da suka zo lodin dabbobi da hatsi da albasa. Ga kuma 'yan'uwanmu na Maraɗi da Madarumfa, waɗanda Hausa ɗaya muke yi da su, amma makaranta a wurinsu lakwal ce, malaminta mushe, likita lokotoro, ma'aikacin kwastan ɗan duwan, kuɗi kuma sefa. Haɗa da Larabcin makarantun allo da na zaure, wanda ba a ciniki da shi amma ba a rabuwa da shi tun daga raɗin suna har zuwa kabari. Ina harshe ɗaya a nan? Abin da ke akwai shi ne harshe ɗaya da kowa ya iya, wannan kuwa magana ce dabam. Mu da Hausa ta zama harshen uwa a gare mu ba mu jin sauran ne kawai domin duk wanda zai yi mana magana sai ya ajiye nasa ya ɗauki namu.

Ita kanta Hausar shaida ce a kanmu. Takobi da raƙumi da takarda daga Buzanci masana suka ce mun samo su. Galadima da Ciroma da Yarima na Barebari ne. Ashana da akawu da agogo da akwati ta hannun Yarabawa suka shigo. Ruga da burtali da kindirmo da arɗo kuwa ba sai an faɗa ba. Mun ci mun sha daga tukwanen maƙwabta, sa'an nan mun ce mu kaɗai ne a gidan.

Na ce za mu sake gamuwa da maganar sunayen dangi. Kakata ta wajen uwa Bafillata ce, a wata ruga ta gefen gulbin Bunsuru aka haife ta, aka kawo ta aure cikin gari. Da Fillanci take mafarki, in ta yi tuntuɓe da shi take salati, in ranta ya ɓaci da shi take faɗa. Mahaifiyata tana ji amma ba ta mayarwa. Ni kuwa ban tsira da kome ba sai baffa da goggo da kawu, da ƙirga ɗaya zuwa biyar, go'o, ɗiɗi, tati, nayi, jowi, wanda muke yi don wasa. Daidai da yaron Gayana mai aja da aji. Ba wanda ya ɗaga wa kakata sanda ya ce kada ta koya mana. Abin da ya faru ya fi sanda sauƙi, ya kuma fi ta tasiri: in ta yi mana Fillanci a gaban kishiyoyi sai a yi dariya, a ce za ta mai da 'ya'yan mutane 'yan daji. Sai ta bari. Cikin zuriya uku harshe ya fita daga gida ɗaya ba tare da kowa ya lura ba, kuma na tabbata a cikin masu karanta wannan mujalla akwai da dama da labarin gidansu ke nan. Gidajen sarautar da Fulani suka kafa a ƙasar Hausa ma galibinsu ta wannan hanya suka bi tun tuni.

Harshen da ke fita haka ba ƙaramin abu ba ne. D. W. Arnott, a littafinsa na 1970, ya lasafta ajin suna 25 a Fillancin Gombe, inda Hausa ke da jinsi biyu da jam'i. Harshe ne da farkon kalma ke sauyawa tsakanin tilo da jam'i, shi ya sa mutum ɗaya Pullo ne, da yawa Fulɓe. Kaɗo da Haɓe da muke ji ana kiranmu da su ma kalma ɗaya ce, tilo da jam'inta. Launin saniya da tsayin ƙahonta da irin ciyawar da ke fitowa a kowane lokaci na shekara duk suna da sunayensu. Sanannun littattafan da muke da su a kansa kuwa, na Arnott da ƙamus ɗin F. W. Taylor na 1932, a kan Fillancin Gombe da Adamawa aka gina su, alhali na Sakkwato da Zamfara yana da nasa kari.

Wani zai ce to, wannan matsalar Fulani ce da Buzaye, ina ruwan Bahaushe? Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Matakalar nan ta Gayana da na ambata, mu ma muna da irinta a cikin Hausa kanta, kuma Hausar garinmu ce a matakin ƙasa. Ina aji biyu na sakandare aka ba mu insha'i a kan ranar kasuwa. Na rubuta cewa da munka isa kassuwa sai munka ishe malammai zamne. Malamin, Allah ya jiƙansa in ya rasu, ya bi kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya da jan biro, ya rubuta a gefe cewa in riƙa rubuta Hausa. Hausa! Me na rubuta ke nan? Da na zo jami'a ma, makon farko na tambayi wani ɗalibi, na ce mi ka faruwa, aji ya fashe da dariya. Kafin ƙarshen zango na iya cewa me yake faruwa, har in na koma gida ƙannena na cewa na zama Bakano.

Sai a nan Sashen na gane cewa abin da aka ja wa jan biro ba kuskure ba ne, a wurare da yawa ma shi ne tsohon zubi. Mu muna cewa sabka da zamna da sabro da abduga, inda Kano ke cewa sauka da zauna da sauro da auduga. Bajamushen nan August Klingenheben ya nuna tun cikin shekarun 1920 cewa baƙin da ke rufe gaɓa ne ya raunana ya zama wasali, watau namu ne na da, nasu ne sabo. Muna cewa shi na, ita ta, a maimakon shi ne, ita ce. Muna cewa gidanai da rigatai, da rigas sarki da motam malam. Muna da mussa da ɗiya da biɗa da awa. Waƙoƙin masu jihadi na Hausa da irin wannan kari aka rubuta su, saboda haka ɗan Zurmi da bai taɓa shiga jami'a ba yakan fahimci wasu baitocinsu fiye da mai digiri da bai san sai Daidaitacciyar Hausa ba.

A fagen waƙar baka abin ya fi fitowa fili. Ibrahim Narambaɗa, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Kassu Zurmi, da wannan Hausa suka yi waƙa. Karin waƙar Hausa kuwa a kan nauyin gaɓa yake tafiya. In mawaƙi ya ce yat tahi, gaɓar farko mai nauyi ce. In ɗalibi ya zo rubuta kundi ya gyara ta ta koma ya tafi, ta zama marar nauyi, kari ya karye. Na sha ganin kundayen da aka yi wa waƙoƙin makaɗan ƙasarmu irin wannan gyara, sa'an nan marubucin ya zauna yana neman karin waƙar ya rasa, har ya yanke hukunci cewa waƙar baka ba ta da tsayayyen kari. Shi ya kashe abin da hannunsa, ya komo yana cigiya.

Kada a fahimce ni a karkace. Ba na faɗa da Daidaitacciyar Hausa, da ita nake wannan rubutu. Aikin da aka faro tun daga ƙa'idojin Hans Vischer na 1912, aka bi ta Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Hukumar Harshen Hausa ta 1955, da taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, shi ya sa mutumin Damagaram ke karanta littafin da aka buga a Zariya. Wannan ni'ima ce. Amma Bargery, wanda ƙamus ɗinsa na 1934 har yau ba a yi kamarsa ba, bai zubar da kalmomin Sakkwato da Katsina da Gobir ba, sai ya shigar da su ya sa musu alama. Bernard Caron ya yi littafi sukutum a 1991 a kan Hausar Adar kaɗai. In baƙi sun ga darajar karin harshe har haka, ban ga dalilin da zai sa malamin firamare a Shinkafi ya koya wa yaro jin kunyar bakin uwarsa ba. Ana iya ce wa yaro ga yadda ake rubutawa don kowa ya gane, ba tare da an ce masa abin da yake faɗa a gida ƙauyanci ne ba.

Akwai masu cewa ai ba a tilasta wa kowa ba, mutane ne da kansu suka zaɓi Hausa don ita ke kai su kasuwa da asibiti, kuma harshe ɗaya yana haɗa kan jama'a. Rabin maganar gaskiya ce. Ba ni da ikon cewa Bafillatanin da ya ga amfanin 'ya'yansa a Hausa ya yi laifi, kuma ba na cikin masu son a tsare mutane cikin daji don harshensu ya tsira. Sai dai koyon Hausa bai wajabta zubar da Fillanci ba. Bayaraben Ƙaura ya riƙe biyu, bai rasa kome ba. Abin da ya bambanta su shi ne ba a yi wa Bayarabe dariyar da aka yi wa kakata, ko kuwa in an yi, yana da Ibadan da Legas da littattafai da rediyo a bayansa. Zaɓin da aka yi don gudun dariya ban san ko ya cancanci a kira shi zaɓi ba. Batun haɗin kai kuwa, mutanen Gayana kusan duk Kiriyol ɗaya suke yi, amma hakan bai hana jikokin Afirka da na Indiya zubar da jinin juna a farkon shekarun 1960 ba. Mu ma nan, masu kai hari da waɗanda ake kai wa duk suna jin Hausa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa nake ganin maganar ba ta jira. Tun wajen 2011 ƙasarmu ke cikin bala'in 'yan bindiga, kuma Zurmi da Shinkafi da ƙauyukan Ƙaura suna cikin inda abin ya fi tsanani. A watan Satumba na 2021 har kasuwannin mako aka rufe, aka yanke layukan waya. An rasa rayuka da dukiya, wanda shi ne babban rashi, kuma ba na haɗa shi da kome. Amma akwai wani rashi da ke biye da shi a ɓoye. Ƙauyen da ya watse, karin maganarsa ya watse; yaran da suka tashi a gudun hijira cikin gari da bakin gari za su tashi. Makiyayan da ba su ji ba su gani ba, wasu sun bar ƙasar, wasu sun shigo gari suna ɓoye ko su wane ne. Na ga wata mai tallar nono a tashar mota, ɗanta ya yi mata magana da Fillanci, ta yi wuf ta toshe masa baki tana waige-waige. Masu laifi suna nan, ba na wanke kowa, kuma ni ma an taɓa dangina. Amma yaron nan bai ɗauki bindiga ba, abin da ya koya ran nan shi ne harshen uwarsa abin tsoro ne. Abin da dariya ta yi a gidanmu cikin zuriya uku, tsoro zai yi shi cikin zuriya ɗaya. An kafa Hukumar Ilmin Makiyaya tun 1989, amma makarantar da malami ba ya iya zuwa ba ta koyar da kowane harshe.

A daidai wannan lokaci kuma tauraron Hausa sai ƙara haske yake. A 2025 Jamhuriyar Nijar ta ɗaga ta ta zama harshen ƙasa, ta mai da Faransanci harshen aiki. Mun yi murna, ni ma na yi. Sai dai ya kamata mu tambayi kanmu yadda wannan labari ya sauka a kunnen Bazabarme da Buzu da Babarbare. Wanda ya daɗe yana kukan danniya, ran da ya sami sama ya fi kowa cancantar ya san zafinta.

Za a ce mu Sashen Hausa ne, ba na Fillanci ko Buzanci ba. Haka ne. Amma Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero tun cikin shekarun 1970 ta haɗa Hausa da Fillanci da Barbarci a aikinta, ba ta kuma rage wa Hausa kome ba. Wanda bai san maƙwabtan Hausa ba ma, bai san Hausa ba, don ba zai iya bambance gadonta da aronta ba. Roƙona ga malamaina ƙarami ne. A buɗe wa ɗalibi ƙofa ya yi kundinsa a kan harsunan da ake ji a unguwa guda ta Ƙaura, wa ke magana da wane harshe, da wa, a wane wuri. Ko a kan Hausar 'yan gudun hijira na ƙauye guda. Ko a kan kalmomin kiwo a bakin Bafillatani guda. Ba sai an shiga daji ba, don tsofaffin da a da sai an yi tafiyar yini kafin a same su, yau bala'i ya kawo su cikin gari, suna zaune a kangaye da gidajen dangi. Ian Robertson sai da ya bi kogi kafin ya kai ga nasa tsofaffin. Mu namu suna bayan gidanmu, na'urar ɗaukar magana kuma tana aljihun kowane ɗalibi. A nemi izninsu, a sakaya sunayensu saboda halin da ake ciki, a rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, kada a gyara ko wasali ɗaya. In da hali kuma a sa mana darasin Fillanci ko na zango guda ne, tun da akwai masu jin sa a cikin ɗalibai, waɗanda wasunsu sai an matsa suke yarda sun iya.

A hutun da ya wuce na je Zurmi wurin ƙanwar kakata, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, ta baro rugarsu shekara huɗu ke nan. Na ce, "Inna, so nake ki yi mini Fillanci in ɗauka." Ta dube ni ta ce, "Yau kuma? Da can da muna yi ba ku ka dariya ba?" Sai da na kwana biyu ina lallashi. Ran na uku da hantsi ta zauna bakin ƙofa ta fara kiran sunayen shanun mahaifinta ɗaya bayan ɗaya, da launin kowace da halinta, har ta kai ga wata da ta ce kura ta kashe shekarar da aka yi mata aure, sai ta yi shiru. Na sami minti arba'in da 'yan kai. Ban fahimci ko kashi ɗaya cikin goma ba, sai wani ɗan ajinmu ke fassara mini kaɗan-kaɗan in mun sami sarari. Maganar tana cikin wayata, wayar kuma gilashinta ya tsage. Ina jiran Sashe ya faɗa mini inda zan kai ta a ajiye.